Baƙi Biyu a Agege

Kawu Jatau ya sauka daga Nguru ranar Laraba,
kwana biyu a motar albasa, ƙafafu duk sun kumbura.
Ba jaka, sai leda,
a ledar kuwa littafi mai shuɗin bango da biro uku.
Na ce, Kawu, asibiti ne ko biki?
Ya ce, jirgi na zo gani.

Jirgi fa?
Wanda ke yanke mini barcin asuba,
wanda ke girgiza keken ɗinkina har zare ya tsinke?
Ya ce, shi.

Kafin in ɗaga ƙofar shago
yana can kan gadar masu ƙafa, ya jingina da ƙarfe.
'Yan talla na bangaje shi,
kwandasta na ihun Oshodi, Oshodi,
shi kuwa kunnensa na wajen Iju.
Dogo yakan yi gyaran murya kafin jirgi ya iso, in ji shi,
'yar ƙara siririya, kamar cokali a kofin shayi.
Da kan jirgi ya ɓullo sai ya ɗauki lamba,
ya ƙirga tarago da leɓe,
ya dubi agogo, ya kaɗa kai
irin na uban da ɗansa ya makara.
A garinmu, ya ce, dogon na nan, tashar na nan,
awaki ne ke zaman jira a inuwarta.

Rana ta uku ya dawo da baƙuwa:
Malama Lantana daga Jos,
shekara talatin tana koyar da lissafi,
yanzu madubin hangen nesa ne rataye a wuyanta.
Shirwa ta hau gadar ta duba,
shi ya zaci lamba take nema.
Suka shanye mini shayi butoci biyu
suna musun wanda ya fi wani hauka.

Asabar suka ja ni Lekki.
Mota uku, cunkoso, ruwan sama ya jiƙe mu har wando.
A kan wata gadar katako cikin fadama
ta ɗora yatsa a baki.
Muka tsaya.
Sauro ya ci, ya ƙoshi, ya kira danginsa.
Na tuna riguna huɗu da na yi alkawari.
Awa biyu, ba abin da ya motsa sai birai.

Sai ga shi.
Cinawuya, shuɗi kamar an tsamo shi daga marina,
ya tsaga ruwa, ya fito da ɗan kifi,
ya ɓace kafin in ce kai.
Hannun Malama na rawa, biro ya ƙi zama.
Kawu ya raɗa, mece ce lambarsa?
Ta ce, ba shi da lamba, ba shi da lokacin zuwa.
Ya ce, ashe ɗan'uwan jirginmu ne.

A hanyar dawowa ta nuna mini tsattsewa a kan wayar lantarki.
Waɗannan, ta ce, teku suke ƙetarowa,
ba fasfo, ba guzuri,
kuma duk shekara suna komawa gida.
Ban ce komai ba.
Rabona da Nguru damina shida.

Sun tafi ran Litinin, kowa da littafinsa.
Shekarata goma sha tara a Ikko
wuyana a sunkuye kan allura,
ban san sama ma tana da nata cunkoson ba.

Jiya wani ya zo karɓar ɗinki,
na buɗe littafin awo in duba sunansa.
Tsakanin kafaɗa da tsawon hannu
sai ga rubutuna:
balbela bakwai,
tarago goma sha ɗaya,
ya makara da minti tara.